Sai Mota Ta Tashi

Allurar ta huda robar jar wayar, ƙwan fitila ya kama. Gyamfi ya zare ta, ya matsa gaba kamar faɗin yatsa biyu, ya sake sokawa. Ƙwan ya ƙi kamawa. Yana kwance rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙeyarsa a jikin abin taka birki, ƙafafunsa a waje rana tana gasa su. Ya kama wayar ya ɗan tura ta ciki, ƙwan ya yi ƙyal-ƙyal. Ya sake ta, ya mutu.

Shi ke nan, ya gano. A ido wayar lafiyarta lau, ko ƙwarzane babu, amma tagullar da ke cikinta ta tsinke daidai bakin ramin da wayoyi suke bi su fita wajen inji. Shi ya sa ko an murɗa makulli inji ya yi ta juyawa har batir ya gaji, wuta ba ta isa koyil, filogi ba ya ba da tartsatsi. Aikin duka bai wuce a yanke, a fere, a ɗaura, a naɗe da salatif ba. Kafin mai dafa ayaba ta sauke tukunya ya gama.

"Ka ga wani abu?" in ji mahaifinsa, Agya Adusei, daga kujerarsa ta gindin itacen fiya.

Gyamfi ya buɗe baki zai ce ya gani, sai dariyar Boadu, ɗan gwaggonsa, ta taso daga cikin gida, dariyar nan mai fitowa daga ƙasan ciki, wadda in ba ka duba ba sai ka rantse ta Agya ce. Ya sa babban yatsa ya tura jar wayar can tsakiyar 'yan'uwanta, ya rufe ta da su.

"Tukuna, Agya," ya ce. "Abin yana da wuyar sha'ani."

"To, bi a hankali. Babu mai korarka."

Ga yadda abin yake. A watan da ya wuce babban wan Agya ya rasu a Kumawu, kuma duk zuriyar tsohuwarsu babu sauran namijin da ya kai Agya shekaru. Dangi suka zauna suka ce ya dawo ya riƙe babban gida, ya kula da gonakin koko, ya raba rigima, ya ƙarasa tsufansa a ɗakin da aka haife shi. Irin wannan kira ba a ce masa a'a. A al'adarsu mutum na gidan uwarsa ne, can zai koma, can za a binne shi, kuma ɗan 'yar'uwarsa ne magajinsa, ba ɗan da ya haifa ba. Gyamfi ya san haka tun bai iya ɗaura wando ba. Sanin dai bai rage masa komai ba ranar da Boadu, ɗan gwaggonsa Konadu, ya sauka a gidansu na unguwar Bantama da ƙunshin busasshen naman daji, yana washe baki, ya ce uwarsa ta aiko shi ya taho da kawunsa.

Agya bai musa ba, sharaɗi ɗaya kawai ya kafa. Ya ce ya bar Kumawu yana saurayi a bayan babbar mota, zaune kan buhunan gawayi, kuma ba zai koma yana tsoho a matse tsakanin 'yan kasuwa da kwandunan kaji ba. Da motarsa zai shiga garin, ko da wani ne yake tuƙa shi. Motar kuwa, tsohuwar tasi ce da ya yi shekaru yana haya da ita kafin idonsa ya yi hazo, har sunan da yake kiranta ke nan, Tsohuwa. Tun ƙarshen damina ta ƙi tashi, ganyen fiya ya cika mata rufi.

"Ranar da Tsohuwa ta tashi, ranar za mu kama hanya," ya gaya wa Boadu.

Wato muddin jar wayar nan tana tsinke, Gyamfi yana da uba a gida.

Shi Gyamfi tela ne, kekensa yana baranda, ba makanike ba ne. Amma a gindin motar nan ya tashi, yana miƙa sifana, yana riƙe fitila. Fitilar gwajin ma Agya ne ya haɗa ta da hannunsa, ƙwan birki ne da waya biyu, ɗaya a maƙala a jikin mota, ɗaya a taɓa inda ake zargi. Allurar da ke bakinta ce kawai dabarar tela. Duk unguwar, in ham ɗin wani ya shaƙe ko fitilarsa ta yi ido ɗaya, Gyamfi ake kira. Wannan ne abu guda da yake jin ya gada daga ubansa wanda ba wanda zai zo daga Kumawu ya ce na dangi ne.

Aka shiga neman abin da ba a ɓatar ba. Kowace safiya Gyamfi zai ɗaga murfin inji, ya tokare shi da sanda, Agya ya jawo kujerarsa kusa, ya gyara mayafinsa a kafaɗa. Ran nan ya kwance kawunan batir ya kankare su har suna ƙyalli. Washegari ya zare fis ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga su sama yana hange kamar mai sayen ƙwai. Ya cire filogi ya wanke da fetur, ya mayar. Ya kwance koyil, ya goge, ya ɗaura. Kai, mutumin nan har ham ya kwance, ham da ba ruwansa da tashin inji! Da ya gama kowanne sai ya shiga ya murɗa makulli, inji ya yi gurnani ya yi shiru, shi kuma ya fito yana girgiza kai.

"Ba nan ba ne," Agya zai ce. "To, gobe ma rana ce."

Abin da Gyamfi bai zata ba shi ne bakin tsohon zai buɗe. Agya mutum ne da ya yi rayuwarsa a hanya, ya fita gari bai waye ba, ya dawo ya ci sakwara ya kwanta. Tsakaninsa da ɗansa ba ta wuce miƙo wannan, riƙe wancan. Yanzu kuwa, a inuwar fiya, da warin fetur a hanci, sai ga labari yana zuba. Ya ba shi labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangaren Mampong da fasinja cike. Ya gaya masa yadda ya haɗu da uwarsa, marigayiya Afra, wadda ta tare shi a kasuwar Kejetia da daron kifi, ta zage shi tas don ya fantsama mata taɓo, ya bi ta yana ba ta haƙuri har ƙofar gidansu.

"Bakinta ka ɗauko," ya ce yana dariya. "Da ɗan siririn wuyan nan. Ni ba abin da ka ɗauko nawa sai taurin kai."

Gyamfi ya yi dariya shi ma, amma maganar ta soke shi. Gaskiya ce. Shi siriri ne, uwarsa sak. Boadu kuwa, in ya tsaya kusa da Agya, ba mai tambaya. Faɗin kafaɗar ɗaya, wushiryar ɗaya, har yadda suke karkata kai in suna sauraro. Maƙwabta da suka zo gaisuwa sai su ce, "Kai, jini ba ya ɓuya!" su bar Gyamfi tsaye da sukudireba a hannu kamar ɗan aikin da aka ɗauko.

Da ma a ce Boadu mugu ne, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Ƙaton manomi ne mai sakin fuska, ya share tsakar gida, ya ɗebo ruwa, ya karɓi taɓarya a hannun Serwa matar Gyamfi ya daka mata sakwara yana waƙa. Da yamma in an sauke miyar kwakwa, shi da Agya kwano ɗaya suke sa hannu, suna hirar mutanen da Gyamfi bai taɓa gani ba, da gonakin da ba zai taɓa taka iyakarsu ba. Agya ya tsamo tsoka ya tura gaban Boadu. Gyamfi yana gefe da nasa kwanon, yana kallon tsokar nan har ta shige. Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi, kuma shi kansa ya sani.

"Tela, yau ma Tsohuwa ta kayar da kai?" Boadu zai ce yana suɗe hannu.

"Ai ba rogo ba ce da za a tuge da ƙarfi, Manomi."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai kada tsohuwata ta zo da kanta, don in ta zo har kai sai ka sha rankwashi."

Sai da mako ya juyo Serwa ta tanka. Ta same shi a baranda yana wanke baƙin mai da sabulu, ta tsaya a kansa, ta nuna masa tulin yadin mutane da ke kan keke, baƙi da ja, duk na masu zuwa jana'izar Asabar.

"Maigida, wannan kayan su za su ɗinka kansu?"

"Ba ki ga abin da nake fama da shi ba?"

"Na gani. Na ga mutumin da ya tada motar nan a tsakiyar ruwan sama da fil ɗin ɗankwalina, yau ya kwana nawa yana goge ham." Ta rage murya. "Ni za ka yi wa? Tun yaushe ka gano?"

Ya ci gaba da cuɗa hannu, kumfa ta yi baƙi.

"Kumawu ba bangon duniya ba ce," ta ce. "Ka riƙa zuwa kana ganinsa mana."

"In je in zauna a ina? A bencin baƙi? In aika a gaya wa Boadu ina son ganin ubana, ya ce in jira ana shari'ar gona?" Ya yarfe kumfar hannunsa. "Ni na yi jinyar idon nan nasa. Ni nake yanke masa farce. Shekara nawa wani daga can bai leƙo ya ga ko ya ci ko bai ci ba? Yanzu kujerar babban gida ta faɗo, sun tuna suna da ɗan'uwa. Shi wancan ƙaton zai samu gida, ya samu gona, ya samu motar, ya kuma haɗa da tsohon. Ni me aka bar mini?"

"Kai ma kana da naka kawun."

"Wanda ko sunana bai riƙe ba."

Serwa ta dube shi, tausayi da haushi suna kokawa a fuskarta. "To, ka dai sani ba za ka goge ham har abada ba," ta ce, ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Ba ta yi ƙarya ba. Saƙo ya zo daga Kumawu ta bakin wani direba, wai Konadu ta ce arba'in ɗin mamaci ta matso, kuma a ranar ake son a zaunar da sabon babba a gaban dangi. Wasa ya fara barin fuskar Boadu. Da safe ya zo ya tsaya a bakin motar, hannu a ƙugu.

"Kawu, ni fa ina ganin mu je Suame mu ɗauko mai wayarin. Can garejin yaran nan ko gawar mota aka kai musu sai ta tashi."

Gyamfi ya tsayar da sifana. Mai wayarin na Suame ba zai yi dogon nema ba.

"Suame?" Agya ya ɗago. "Su zo su yayyanka mini waya su cika ta da ƙulli? Tun da na sayi motar nan hannun bare bai taɓa shiga cikinta ba. Ba kuma yau za a fara ba."

"To, na ga direbobin katako suna jan waya ɗaya daga batir kai tsaye zuwa wannan gwangwanin," ya nuna koyil, "sai ka ji mota ta tashi."

"Haka ɓarayi suke yi. Kana so in shiga garin uwata a mota mai wayar ɓarayi?"

Boadu ya sosa ƙeya ya ba da haƙuri. Gyamfi ya sunkuyar da kai cikin inji don kada a ga sanyin da ya ji. Amma dabara ta kusa ƙare masa. Babu sauran abin da bai kwance ba sai kujeru.

Ranar Alhamis aka yi ta. Da hantsi, ya ɗaga murfin inji ke nan, sai ga Maame Fosuwa mai sayar da gishiri a babbar kasuwa ta faɗo gidan kamar an jefo ta. Mace ce mai jiki da murya, kuma yadinta yana cikin tulin nan tun makonni.

"Gyamfi! Jibi ake jana'izar surukata. Tsirara kake so in je? Ajiye ƙarfen nan. Yau ko ni ko kai, ba zan bar barandar nan ba sai da rigata a hannu."

Ta ja benci ta zauna daram a bakin keke, ta kwance ɗankwali tana fifita. Ba yadda ya iya. Ya wanke hannu, ya zauna, ya shimfiɗa baƙin yadi. Daga inda yake yana hangen motar da kujerar Agya, sai dai ƙarar keke ba ta barinsa ya ji komai sai in ya ɗaga ƙafa.

Ya ga Boadu ya je ya durƙusa gaban tsohon yana magana. Ya ga Agya ya miƙa hannu ya lalubo fitilar gwaji a kan murfin batir. Ya ga ya ɗora ta a tafin hannun Boadu.

Ƙafar Gyamfi ta tsaya cak.

"Wannan bakin ka maƙala shi a jikin ƙarfe," Agya yake cewa. "Yauwa. Wuta kuma daga inda take za ka fara, ka bi ta a hankali har inda ta tsaya. Kada ka yi tsalle, kada ka yi zato."

Kalmomin nan! Da su aka koya masa, yana ɗan yaro, yana tsaye kan bulo don ya kai bakin inji. Ashe ba nasa ba ne shi kaɗai. Ashe duk wanda ya durƙusa za a ba shi.

"Malam, taka keken nan," in ji Maame Fosuwa. "Ba kallo na zo ka yi ba."

Ya taka. Keke ya ɗauki ƙara, ya haɗiye muryoyin. Ta gefen ido yana ganin Agya yana nuni da sanda, Boadu ya zura hannu ta taga ya taɓa wani abu a gaban mota, ya zagaya, ya dawo. Da Gyamfi ya tsaya sauya zare sai ya ji ihu.

"Kawu, ta kama! Ka ga ta kama!"

"Yauwa, ɗan Konadu! Kai, hannun nan naka ba na fartanya ba ne kawai. Da a wajena ka tashi da ka fi wasu."

Wasu. Su wa ke nan wasu? Gyamfi ya sunkuya kan yadin. Ya taka keke da ƙarfi har ɗinkin ya karkace ya hau kan wuyan riga.

"Wayyo yadina! Kai, lafiyarka kuwa? Farke shi, farke shi yanzu!"

Ya ɗauki reza yana farkewa. A shirun nan ya ga Boadu ya buɗe ƙofar direba, ya juya ƙaton jikinsa, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Daidai inda shi ya kwanta.

"Kawu, ga wani rami nan, wayoyi sun taru a bakinsa kamar saiwar rogo."

"To, nan ne wajen aikin. Raba su da yatsa, ka nemo wadda na gaya maka. Soka allurar."

"Ta kama!"

"Matsa gaba kaɗan, ka sake sokawa."

Gyamfi ya daina ganin yadin da ke gabansa. Abin da yake gani Kumawu ce, tsakar babban gida cike da dangi, Konadu tana tafa hannu tana ba da labari. Ɗan cikinsa, wai shi gwanin waya, ya yi makonni yana lalube, sai da ɗanmu ya sa hannu da safe ɗaya mota ta tashi. Za a faɗa a arba'in, a faɗa a bikin Kirsimeti, a faɗa ranar da za a binne Agya, shi yana zaune a bencin baƙi yana ji. Za su tafi da tsohon, wannan ya sani. Amma su tafi da shi yana cewa Boadu ne ya gano? Su haɗa har da wannan?

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Bencin da yake kai ya kife, Maame Fosuwa ta yi salati irin nasu ta dafe ƙirji. Serwa ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu, ta kira sunansa sau ɗaya, bai waiwaya ba. Ya isa motar ya kama idon sawun Boadu ya ja.

"Fito, Manomi. Fito ka ga yadda ake yi."

"Haba Tela, na kusa fa..."

"Ka kusa me? Ba ni nan!"

Ya fizge fitilar, ya jefa ta kan kujera, ko dubanta bai yi ba. Ya kwanta, ya zura yatsu cikin wayoyin, ya zaro jar kai tsaye kamar mai zaro zare a bakin allura. Rezar farke ɗinki tana hannunsa. Ya yanke, ya fere baki biyu, tagulla ta fito tana ƙyalli, ya murɗe su wuri ɗaya, ya yage salatif da haƙori ya naɗe. Ya tashi ya zauna a kujerar direba, ya taka mai sau biyu, ya murɗa makulli.

Tsohuwa ta yi tari, ta yi kakari, ta girgiza tun daga hanci har wutsiya, sannan ta ɗauka. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe gindin fiya, kaji suka watse, busassun ganye suka zubo daga rufi.

"Ta tashi! Ta tashi!" Boadu ya daka tsalle, ya rungumo Gyamfi ta taga har ya kusa shaƙe shi. "Kai, Tela, kai maye ne! Na rantse maye ne kai! Kawu, ka ji ta? Gobe war haka muna gida!" Ko alamar haushi babu a fuskarsa, murna ce tsantsa. Ya ruga cikin gida yana kiran Serwa ta fito da akwatuna.

Serwa ba ta motsa ba. Tana tsaye a bakin madafa, ludayi yana ɗiga, tana kallon mijinta. Can ta juya ta shige.

Gyamfi ya fito daga motar, daɗi yana ratsa shi har yatsun ƙafa. Ya tsaya gaban kujerar ubansa, yana goge hannu a wando. Yana jira. Ko kalma ɗaya ce, a faɗe ta da ƙarfi yadda na cikin gida zai ji.

Agya ya karkata kai yana sauraron injin. Ya daɗe a haka. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai dai hannunsa da ke kan sanda ya yi laushi.

"Ta yi daidai," ya ce a hankali. "Je ka kashe fitilun baya, kada su sha batir."

"Fitilun baya?" Gyamfi ya waiwaya. Ga su kuwa, jajaye, suna ci da tsakar rana a jikin katanga. "Wa ya kunna su?"

"Ni na ce ya kunna. Wayarsu na sa shi bi, koriyar."

"Agya, ai koriyar ba ta zuwa wajen inji. Baya take yi."

"Ni za ka gaya wa?" Tsohon ya gyara mayafinsa, ya rage murya yadda ko Maame Fosuwa da ta miƙo wuya ba za ta ji ba. "Daga nan ta bi ƙarƙashin kujeru, ta bi gefen ƙofa, har but. Manomi da allura, yana soki ɗaiɗai, ai da ya ci mana mako guda. In ya gama in sa shi ta ɗaya gefen."

Injin yana ta bugawa a bayansu, lafiyayye, ba ko tangarɗa. Gyamfi ya durƙusa a ƙasa a gaban kujerar.

"Na ga dabara ta ƙare maka ne," in ji Agya, "na ce bari in taya ka."

Ya miƙo hannu yana lalube, ya samu kan ɗansa, ya bar shi a nan. Daga cikin gida muryar Boadu tana tashi, cike da fara'a, yana tambayar Serwa wanne ne akwatin Kawu, babban ko ƙaramin.